Wurin Wuri

Shekara ashirin da bakwai ina gyaran kan jirgin ƙasa a Kuwamba,
ban taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba.
Da hutu ya zo na kama hannun Atija,
muka bi dogo zuwa Nampula,
daga nan a-kori-kura, mu da buhunan rogo,
har Shokas, inda ƙasa ta ce: iyakata ke nan.

Yarinya ta zo da gwangwanin madara wanke tas
da bashin baki guda bakwai:
'yan ajinsu bakwai, kowa na jiran katantanwar teku.

Ranar farko, gaɓar otal.
Yashi fari kamar garin da aka tankaɗe sau biyu,
babu ko tsinke.
Ashe tun asuba wani yaro ke bi da manjagara
yana goge duk abin da teku ya rubuta da dare.
Muka dawo da murfin kwalba da ƙunar rana.

Washegari mai gadi ya nuna kudu,
mai kwakwa ya nuna arewa.
Wani Usene ya buɗe tsumma, ga su jere, sun sha mai:
"Metikal ɗari, Baba, ka huta da yawo."
Na kai hannu aljihu.
Atija ta taka mini ƙafa:
"Sayayye ba tsintacce ba ne."

A bakin rijiya muka gamu da Dona Muwanasha,
fuska fari fat da kwaɓin musiro.
Ta dubi gwangwanin, ta dubi takalmana na birni,
ta yi dariya har bokitin kanta ya yi tangal-tangal.
"Inda ya yi kyau kuke nema.
Teku ba ya ajiya a ɗakin baƙi.
Ku bi ta bayan inda masunta ke feɗe kifi,
ƙarni zai ce ku koma, kada ku koma.
Ku wuce kwalekwalen da ya mutu a kife,
akwai lungu, duwatsu sun yi masa haƙora.
Ku je bayan daren iska,
ruwa na janyewa, hankaki ba su karya ba.
Wuri na wanda ya zo da wuri ne."

Daren nan iska ta kwana tana faɗa da kwanon ɗaki.

Duku-duku muka isa.
Na tuɓe takalma na ɗora kan dutse.
Layin ciyawar teku baƙi, mai yauƙi, ƙudaje sun riga mu,
amma ƙarƙashinsa!
Wuri mai bakin murmushi, ƙumba ruwan hanta,
wata doguwa kamar ƙahon da aka murɗa,
wata ƙarama da ba ta kai farcen jariri ba.
Atija ba ta ce uffan ba,
gwangwani kawai ke magana: ƙwal, ƙwal.

Ni kuwa fasasshiya ce ta tsayar da ni.
Gefenta ya tafi, cikinta a buɗe,
matakala na juyawa tana hawa kanta,
zare daidai wa daida, ba awo, ba injin yanka.
Na sha kwance noti dubu,
ban taɓa durƙusa wa aikin wani haka ba.

Ban san lokacin da ruwa ya dawo ba.
Sanyinsa na ji a gwiwa.
Na waiga dutse: takalmi ƙafa ɗaya.
Ɗayan ga shi can yana lilo,
ya kama hanyar Madagaska ba sallama.

Atija ta ƙirga bakwai, ta ware ta takwas ta Dona,
ta dubi ƙafata, ta dubi teku,
ta ce, "Baba, ashe dai mun saya."

Yanzu fasasshiyar na cikin akwatin kayan aikina,
tsakanin sufana mai lamba goma sha huɗu da tsumman mai.
Yashi bai gama fita daga cikinta ba.